Wasiƙa ga Edita: A auna wuta kafin a jona wa tsohuwar motar soja gilashin baya na lantarki

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya kai da dukkan ma'aikatanka. Ni mai karatun jaridarku ne na yau da kullum, kuma abin da ya sa na ɗauko alƙalami yau ba siyasa ba ce, maganar waya ce da batir, amma wallahi ta dame ni sosai dan na yi asara a kanta kuma bana so wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Ina da wata tsohuwar motar sojan Amurka da ake kira M1009. Wanda ya san Chevrolet K5 Blazer toh ita ce dai aka saka mata fentin soja aka ƙara mata wasu abubuwa. Kamfanin General Motors ne ya ƙera wa sojoji irin waɗannan motoci, na shekarun 1984 zuwa 1987, wajen guda 70,000, ana ce wa danginsu CUCV, a ciki akwai M1008 mai buɗaɗɗen baya, akwai M1010 ta ɗaukar marasa lafiya, sai tawa M1009 mai rufi. Injin dizal ne mai lita 6.2, giya otomatik mai hawa uku. Da sojoji suka gama da su sai aka riƙa gwanjonsu, shine suka shigo hannun mutane irina. Mota ce mara ƙyale-ƙyale, ba AC, ba kafet, ƙarfe ne da roba kawai, kuma ni haka nake sonta.

Abu ɗaya ne ya ishe ni da ita, gilashin ƙofar baya. Yanda aka yi ƙofar nan, ba za ta buɗu ba sai gilashin ya sauka gaba ɗaya ya shige cikinta, kuma na sojan da hannu ake wainin ɗinshi, hannun kuma yana waje a jikin ƙofar. Kenan ko jaka za ka jefa a baya sai ka fito ka zagaya ka saka makulli ka yi ta juyawa, ko ana ruwa ko ana rana, in ka gama kuma ka sake juyawa har ya hau. Hannun nan kuma ya tsufa, wani lokaci ka juya ka ji yana zamewa gilashin bai motsa ba. Blazer ta farar hula, wadda aka yi daga 1973 zuwa 1991, da ƴar uwarta GMC Jimmy, da yawansu sun zo da gilashin baya na lantarki, makunni ɗaya a dashbod, ɗaya kuma na makulli a jikin ƙofar. Tunda bodin ɗaya ne sai na ce bari in samo kayan ciki na irin wannan ƙofar in ɗora a tawa. Na samo moto wato ɗan injin lantarkin da ke motsa gilashin, da regileta wato ƙarfen nan mai hannuwa da ke ɗaga gilashin, da ƴar kebul ɗin da ke haɗa su, da makullin. Ɗora ƙarafan bai ba ni wahala ba. Wayarin ɗin ne ya zama labari.

Na kai wa wani mai rewaya, mutum ne mai hannu, ya daɗe yana aiki, bana zaginshi. Ya buɗe bonet ya ga batir biyu, bai yi tambaya ba, ya ɗauka irin na manyan motocin dizal ne da ake haɗa batir biyu gefe da gefe dan ƙarin ƙarfi amma wutar tana nan bolt 12. Ya ja jar waya daga kan batirin baya dan shi ya fi kusa da inda zai ratsa ta cikin mota. Da ya gama ya ce in murɗa makulli. Malam Edita gilashin nan ya tashi kaman an harbo shi, ya daki sama da ƙara har rufin ya girgiza, shi kuma ya yi murmushi ya ce ka ga moto mai lafiya. Na sauke, na sake ɗagawa, a karo na uku ko na huɗu sai ya tsaya a tsakiya, na ji ƙauri irin na roba da fenti yana fitowa ta ramin gilashin, na ɗora tafin hannu a jikin ƙofar na ji ɗumi. Moton ya ƙone. Na tsaya ina kallon gilashi rabi a sama rabi a ƙasa, ƙofa ba ta buɗuwa, mota ba ta rufuwa.

Dalilin shine wannan motar wuta biyu gare ta, kuma nan ne duk wanda bai san ta ba yake yin kuskure. Sojoji suna so motocinsu su iya tayar da juna, kuma tsarin NATO bolt 24 ne, shi yasa akwai wani ƙaton soket a gaban motar da ake jona kebul daga wata motar sojan. Sai masu ƙera ta suka haɗa batir biyu masu bolt 12 a jere, kan wannan mai alamar ƙari ya shiga gindin wancan mai alamar ragi, suka ba da 24, suka saka altaneta biyu kowacce da batirin da take caji. Kik yana cin 24. Hita fulog, masu ɗumama injin dizal kafin ya tashi, su ma daga 24 ake ɗauko musu wuta a rage ta da rezisto. Amma fitilu da waifa da hon da sauran kayan ciki duk 12 ne kaman na kowace Blazer. Toh batirin da gindinshi yake ɗaure da bodi, shi ne idan ka auna daga kanshi zuwa bodi za ka ga 12. Ɗayan kuwa, wanda yake sama da shi a jerin, kanshi zuwa bodi 24 ne, in inji yana aiki ma ya kai wajen 28. Abin da muka ɗura wa moton bolt 12 kenan. Kuma akwai wani tarkon da ya fi wannan, gindin wannan batirin na biyu, duk da alamar ragi da ke jikinshi, ba at ba ne, wato ba a ɗaure yake da bodin mota ba, yana ɗauke da bolt 12 in ka auna shi da bodi. Wanda ya ɗauke shi a matsayin at ya haɗa shi da ƙarfen mota toh ya yi shot kai tsaye da batirin farko, kuma waya za ta yi ja kafin ya ankara.

Shi yasa nake roƙon duk wanda zai taɓa irin wannan mota, ya ajiye zato ya ɗauko testa mai nuna lamba. Fitilar gwaji ba ta isa ba, dan za ta kama ko a 12 ko a 24, sai dai ta ƙara haske, kai kuma da rana tsaka ba lallai ka lura ba. Baƙar wayar testa a bodi, ja a wurin da kake so ka ɗauki wuta, ka karanta lambar da idonka, inji a kashe sannan inji a kunne. Kuma kar a yarda da launin waya, motar da ta kai wajen shekara 40 hannu nawa ne ya shiga cikinta, wasu ma tuni an mayar da su bolt 12 zalla an cire altaneta ɗaya, wasu an yi rabi an bar rabi.

Bayan wannan asarar na samo wani moton na ce wannan karon ni zan zauna in yi da kaina, a hankali. Abu na farko da na koya, motocin gilashi iri biyu ne kuma wayarin ɗinsu ba ɗaya ba ne. Akwai tsohon yayi wanda jikinshi shine at, wayoyi biyun da ke fitowa ɗaya ta sama ce ɗaya ta ƙasa, duk wadda ka ba wa wuta can zai juya. Akwai kuma mai maganaɗisu a ciki wanda ba ruwanshi da bodi, waya ɗaya wuta ɗaya at, in ka juya su sai ya juya baya. Gane su ba wuya, a kan benci ka taɓa gindin batir a jikin moton ka taɓa kai a waya ɗaya, in ya juya toh na farkon ne, in bai ce komai ba sai ka gwada wayoyin biyu da juna. Wanda na samu na biyun ne, mai juya wuta. Wannan gwajin na minti biyu shine yake faɗa maka yanda za ka haɗa komai, kuma mutane da yawa suna tsallake shi su kama zane na wata motar su bi.

Sai maganar kaurin waya, wadda ni a ganina ita ce ta fi kashe irin wannan aikin a hankali ba tare da an gane ba. Motar nan tsawonta ya kai mita 4.7, kuma waya ba a miƙe take tafiya ba, tana kwana tana zagaye, kafin ta bar batir ta isa cikin ƙofar baya ta ci mita 6 zuwa 7. Gilashin kuma ƙato ne mai nauyi, in robobin gefenshi sun bushe moton zai iya jan amfiya 20. Siririyar waya mai lamba 16 tana da turjiya wajen om 0.013 a kowace mita, ka lissafa mita 7 da amfiya 20 za ka ga kusan bolt 2 ya zube a hanya, in kuma at ɗin ma sai ya dawo gaba ta cikin makunnin dashbod toh ka ninka, kusan bolt 4 ya tafi, moto ya samu 8 da ɗan wani abu. Shine za ka ga gilashi yana hawa kaman mai ciwon baya, yana nishi, ya tsaya saura ɗan yatsa uku sai ka kama shi da hannu ka taimaka mishi. Sai a ce moto ne ya gaji, a canza, sabon ma ya yi haka. Waya mai lamba 10, wato mai kaurin milimita 5 murabba'i da ɗan wani abu, a wannan tsawon asararta ba ta kai rabin bolt ba. Ita na ja, guda ɗaya, daga wurin bolt 12 har baya, kuma na saka bireka, wato na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa, mai amfiya 30 dab da inda ta taso, ba a can baya ba. Mutane suna ɗauka fiyus ko bireka moto yake karewa, a'a waya yake karewa, in ta goge a jikin shasi a tsakiyar mota kuma babu abin da zai yanke wutar daga tushe toh gobara ce a ƙarƙashin ƙafarka. Na fi son bireka a kan fiyus a nan saboda duk lokacin da gilashi ya kai ƙarshe moton yana tsayawa yana jan wuta da yawa na ɗan lokaci, fiyus zai yi ta ƙonewa, bireka kuwa zai yanke ya huce ya dawo.

A bayan motar, cikin bangon gefe inda ruwa ba ya kaiwa, na ɗaura rile biyu, wato makunnan da ƙaramar wuta ke kunnawa su saki babba, masu ƙafa biyar, irin waɗanda aka rubuta wa 30, 85, 86, 87 da 87a a gindi. Ƙafa ta 30 ta kowanne ta tafi waya ɗaya ta moton. Ƙafa ta 87 ta duka biyun ta sha daga ƙatuwar wayar nan. 87a ta duka biyun ta tafi at. 85 ma at, sai 86 ita ce ke jiran umarni daga makunni, rile ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. In ba a taɓa komai ba duka wayoyin moton suna kwance a at. Ka danna sama, rile ɗaya ya ɗaga ya ba wa gefenshi wuta, ɗayan yana nan a at, moto ya juya. Ka danna ƙasa, su yi musaya. Abin da ya burge ni da wannan haɗin shine ko da mutum biyu sun danna a tare, wani a dashbod wani da makulli a baya, ba shot, duka gefen biyu sun zama wuta sai moton ya tsaya cak. Kuma rile ba ya cin ko rabin amfiya, dan haka wayoyin da suka je dashbod sirara ne da ɗan ƙaramin fiyus, makunni ba ya zafi. Wanda motonshi mai at a jiki ne shi kuma 87a ba ta da aiki a wurinshi, wuta a 30, kowace 87 ta je wayarta, sai dai shi dole ya kiyaye kar duka biyun su samu wuta lokaci ɗaya.

Makunnin dashbod na ɗauko mishi wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makullin mota, kuma irin wanda in ka sake shi yake komawa tsakiya da kanshi ne. Wannan ban yi shi dan ado ba. Gilashin nan yana da ƙarfin da zai matse wuyan yaro, kuma yara suna son zama a baya su leƙo kai. Mota a ajiye, makulli a aljihuna, ba wanda zai iya motsa shi daga ciki. Na jikin ƙofar shi kullum da wuta, amma sai da makulli a hannu kuma kana tsaye kana kallon gilashin. A lura da abu ɗaya, akwai makunnan gilashi da in suna hutawa suke haɗa wayoyinsu da at, irin wannan in ka haɗa shi layi ɗaya da na makullin baya toh duk sanda ka murɗa makulli fiyus zai tashi, a nemi wanda in yana tsakiya ba ya haɗa komai da komai.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai, dan na ga mutane suna cire shi da gangan. A ƙofar Blazer mai lantarki akwai wani ɗan makunnin tsaro da ke hana gilashi motsi in ƙofar ba a rufe take ba. Yana tsufa, yana datti, wani lokaci sai ka tura ƙofar da kafaɗa kafin gilashi ya amsa, sai mutane su gaji su yanke shi su murɗe wayoyin biyu su naɗe da tef. Ka yi tunani, ƙofa a kwance a buɗe, wani ya danna sama a dashbod, gilashi ya fito waje a kwance ba abin da ya riƙe gefenshi, sai nauyinshi kawai a kan ƴan ƙarafan ƙasa, ko kuma ya leƙo kaɗan ba ka lura ba ka ɗaga ƙofar ka buga, ya daki bakin rufin. Irin wannan gilashin ba ya tsagewa, wargajewa yake yi ya zama tsakuwa. Ni na wanke nawa na gyara zamanshi, na saka shi a kan wayar at ta ƙafa 85 ta rilen sama kaɗai. Dalilina shine in ƙofa a buɗe take gilashin dama yana ƙasa, hawa kawai ake so a hana, kuma in wata rana makunnin tsaron ya lalace gilashi yana sama, zan iya sauke shi in buɗe ƙofata in gyara. In da duka biyun na yanke toh sai na rarrafa ta kan kujeru na kwance murfin ƙofar daga ciki, kuma na riga na ɗanɗana wannan ranar da moton farko ya ƙone, a durƙushe cikin zafi, ina juya kebul ɗin da injin huda a hankali har gilashin ya sauka.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke sa aiki ya daɗe. Kar a dogara da hinjin ƙofa a matsayin at, tsatsa da giris da fenti sun cika shi, a ja baƙar waya mai kauri daga cikin ƙofar zuwa shasi, a kankare wurin sai ƙarfe ya yi fari kafin a ɗaure. Rufin bayan motar kuma na faiba ne, wutar lantarki ba ta bi ta cikinshi, kar wani ya ɗaura at a jikinshi. Inda wayoyi suke tsallakawa daga bodi zuwa ƙofa a bar musu sarari su lanƙwasa, a saka roba a bakin ramin, a zura su cikin tiyo, dan nan ne suke karyewa daga ciki robarsu tana nan lafiya kana ta neman matsala a wani wurin. Wajen raba moto ko giya da regileta a yi hattara da sifirin ɗin da ke jikinshi, a murɗe yake da ƙarfi, in ya kuɓuce hannuwan ƙarfen nan suna rufewa kaman almakashi, a kafe shi da kusa tukuna. Kuma kafin a ɗora wa moto laifi a wanke hanyar gilashin, a cire tsohon giris da ya daskare a saka sabo, a canza robobin gefe in sun mutu.

Tun da na gama, gilashin yana hawa da sauka sumul, ba gudu ba nishi, na auna a bakin moton yana aiki inji a kunne na ga sama da bolt 13. Abu ɗaya da na hana kaina shine tafiya da shi a buɗe, yanzu da ya zama danna kawai abin yana jan mutum, amma iskar bayan mota juyowa take yi ta kwaso hayaƙin salansa ta shigo da shi ciki, na gwada sau ɗaya na ji warin dizal har kujerar gaba na rufe.

Malam Edita roƙona gare ku shine ku buɗe mana ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, na lantarkin mota da Hausa, a samu masu rewaya da suka san aikin su riƙa bayani, dan yaranmu masu koyon sana'ar nan da yawa suna da basira amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu bambancin batir biyu a jere da batir biyu gefe da gefe. Wanda ya ƙona min moto da na koma na nuna mishi lambar 24 a testa shiru ya yi, daga baya ya kira yaranshi biyu ya ce su zo su gani. Sannan in za ku buga wannan wasiƙa dan Allah a duba lambobin nan da kyau wajen bugawa, musamman 87 da 87a, harafi ɗaya ne tsakaninsu amma ɗaya wuta ce ɗaya at.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatunku na kullum